Mai Ƙirƙira Zai Iya Zama Mai Sharhi?

Wani mai sauraronmu daga Talata Mafara yana tambaya ko ya dace marubucin labari ya riƙa yi wa fasahar wasu sharhi. Malam, ya dace ƙwarai. A 1866, lokacin da mutanen Faris ke yi wa zane-zanen Édouard Manet dariya, Émile Zola, marubucin labarai ɗan Faransa, ya fito a jarida ya kare shi, har masu karatu suka tayar da ƙura aka dakatar da filinsa. Yau gidajen tarihi na alfahari da zanen Manet. A nan gida, Ibrahim Sheme da ya rubuta littafin 'Yartsana shi ne ya kafa mujallar Fim a 1999.

Za a ce mai sana'a ba ya rasa hassada ko son abokai. Haka ne, Zola ma abokin Manet ne. Sai dai hujjar da aka rubuta kowa na iya auna ta, ya karɓa ko ya ƙi. Marubutan Bakura da Maradun, ga waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru nan, ku zauna ku feɗe su a rubuce.