Makaranta a birnin Atina

Atina babban birni ne na ƙasar Girka, a nahiyar Turai. Shekaru wajen 2500 da suka wuce, yaran birnin suna shiga makaranta idan sun kai shekara 7. Iyaye ke biyan malami. Wani bawan gida ke raka yaro, yana ɗauke masa kaya.

Babu takarda irin tamu. Yaro yana da allon katako wanda aka shafe da kakin zuma. Da tsinke yake rubutu. Idan ya gama, sai ya goge, ya sake. Yana haddace waƙoƙin Homer, yana koyon kiɗa wani abu mai tsirkiya 7 da aka yi da ƙoƙon kunkuru. Sannan ya shafa man zaitun a jiki, ya shiga filin kokowa.

Amma ba kowa ke samun wannan gata ba. Ɗan talaka yakan bar karatu da wuri, ya kama sana'a. Ƴan mata kuwa suna gida, suna koyon kaɗi da saƙa.

Tambayoyi
1. Da me yaro yake rubutu?
2. Su wa aka bari a gida? Daidai ne? Don me?