Koyon Ɗinki a Gida: Allura Kafin Keke

Akwai gidaje da yawa a ƙasar nan da in ka shiga ɗakin uwargida za ka tarar da keken ɗinki a lungu, an lulluɓe shi da tsohon zane, an jera kwanonin abinci a kansa. Wani cikin kayan ɗaki aka zo da shi, wani maigida ne ya saya, wani kuwa a wurin rabon kayan sana'a aka samo shi. In ka tambayi mai keken, sai ta ce ai ta gwada, abin ya ƙi. In ka bi diddigi, labarin kusan ɗaya ne. Ranar da keke ya shigo gida ta ɗauko sabuwar atamfa ta sa mata almakashi, riga ta fito wuya a karkace, hannu ɗaya ya ɗara ɗaya, aka yi mata dariya, ta rufe keke. Ta fara ne daga inda ake gamawa. Wannan takarda an rubuta ta ne domin mai son koyon ɗinki a cikin gida ta san abin da ke gaba da abin da ke biye. Da uwargida za mu yi maganar, amma duk abin da aka faɗa ya shafi saurayi da magidanci.

Da farko dai kada wanda ya ɗauka sai da keke ake ɗinki. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. A cikin wannan shekarar ce Isaac Singer ya sami takardar mallakar ƙirar kekensa a Amurka. Ke nan duk rigunan da Barth ya gani a kasuwa da hannu aka ɗinka su. Masaƙi ya fitar da saƙa siririya, faɗinta 'yan yatsu, maɗinki ya zauna ya haɗa baki da baki har ta zama babbar riga. Ko yau in ka shiga birnin Zariya za ka ga maza zaune a zaure suna aikin aska takwas da allura kawai. Malamai suna faɗa mana cewa Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne farkon wanda ya yi ɗinki, kuma an ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yakan ɗinke tufarsa da kansa. Saboda haka babu mai girman da ya fi ƙarfin riƙe allura.

Kayan farawa ba su da yawa: allurai manya da ƙanana, zare baƙi da fari, tef na awo, alli, reza ta warware ɗinki, dutsen guga, da almakashi mai kaifi. A nan ne kawai nake ba da shawarar a kashe kuɗi. Ki sayi almakashi mai kyau, ki ɓoye shi. Wanda aka yanka kwali da shi, aka yanke farce, yara suka yi aikin makaranta, ya daina yanka ƙyalle, sai dai ya tauna.

Darasin farko yana cikin kwandon wanki. Ki duba kayan gidanki, ba za ki rasa rigar makaranta da maɓalli ya fita ba, ko wandon da ya farke a hantsa, ko zanen da bakinsa ya soma zarewa. Da su za ki koya, domin in kin ɓata ba a yi asarar komai ba, in kin gyara kuwa kin tsare kuɗin da za a kai wa mai ɗinkin tafi-da-gidanka. Zaren da za ki sa a allura kada ya wuce kamu ɗaya da rabi, dogon zare sarƙewa yake yi. Ki fara da ɗinkin da allura ke nutsewa tana fitowa a miƙe, ki lura tazarar huda da huda ta zo daidai. In hannu ya faɗa, ki koyi wanda ake komawa baya a sake shiga hudar da ta gabata, shi ne mai ƙarfi, shi ya kamata a kama farkewa da shi. Sai kalmasa: a naɗe bakin ƙyalle sau biyu, a goge, a kama shi da ƙananan huda yadda zare ba zai fito sosai ta waje ba. Wadda ta iya waɗannan uku, ta iya dasa maɓalli da yin faci, ta riga ta ɗauke wa gidanta yawancin ɗinkin da yake bukata yau da gobe. Kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Sai a zo ga keke. Inda wutar lantarki ba ta zama, baƙin keke na takawa, irin su Butterfly da tsohon Singer, ya fi wa mai koyo. Ba ya gudun da zai tsorata ki, kayan gyaransa kuma suna ko'ina. In na hannu za a saya, a tafi da tela, a tafi da ƙyalle mai kauri da maras kauri, a ɗinka a gaban mai sayarwa. Kyan fenti ba shaida ba ne.

Ranar farko kada ki sa zare. Ki zauna ki yi ta takawa har ƙafa ta saba, wili yana juyowa ta wajenki ba ya komawa baya, domin komawarsa baya ita ke tsinka zare. Bayan haka ki ɗauko takardar littafin makaranta mai layi-layi, ki sa a ƙarƙashin allura ba zare, ki bi layin. Hudar da ta fito a takarda za ta nuna miki gaskiyar hannunki. Mutane suna raina wannan, suna cewa wasan yara ne. Ni kuwa ina ganin kwanakin da aka ɓata a kan takarda sun fi duk sauran amfani, gama ɗinki dukansa miƙaƙƙen layi ne da lanƙwasa. Ki sani kuma keke da kansa yake jan ƙyalle, da 'yan haƙoran nan da ke ƙarƙashin allura. Naki shi ne ki daidaita masa hanya. In kika ja da ƙarfi allura za ta lanƙwashe ko ta karye. Ido kuma a kan bakin ƙyalle ake sa shi, ba a kan allura ba.

Yana da kyau mai koyo ta fahimci abin da ke faruwa a cikin keke, don kada kowace 'yar matsala ta sa a kira mai gyara. Keke da zare biyu yake aiki. Ɗaya yana saukowa daga sama ta cikin allura, ɗaya yana naɗe a kwarkwaro cikin ƙoshiya a ƙasa. Duk nutsewar allura sai su sarƙe da juna, kuma in komai na daidai, a tsakiyar ƙyalle suke haɗuwa, sama da ƙasa su fito iri ɗaya. To, in kika juya ƙyalle kika ga zare ya yi cunkus a ƙasa, kada ki yi saurin taɓa ƙoshiya. Galibi laifin na zaren sama ne, ko bai bi hanyarsa ba ko ya yi sako-sako. Ki ɗaga ƙarfen da ke danne ƙyalle, ki zare zaren gaba ɗaya, ki sake sa shi tun daga farko. In keke yana tsallake ɗinki, ki duba allura, watakila ta dakushe, ko ta lanƙwashe, ko an sa ta a juye. Allurar keke tana da gefe ɗaya shafaffe, ki lura da inda yake fuskanta kafin ki cire tsohuwar. Lamba 14 ta ishi atamfa da yawancin yadi, mai kauri yana son 16 ko 18, maras kauri kuwa 11. Ki riƙa share burbushin auduga da ke taruwa wajen ƙoshiya, ki ɗiga man keke. Man keke na ce. Man gyaɗa da man ja daskarewa suke yi su kama ƙarfe, kekuna da yawa su suka kashe su.

Yanzu ga wurin da aka fi faɗuwa, wato awo da yanka. Ɗinkin da ya karkace ana warware shi da reza a sake, amma abin da almakashi ya raba ba ya komawa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Don haka kafin a yanka akwai abubuwan da ba a tsallakewa.

Yadin auduga yakan tsuke in ya sha ruwan farko. Ki wanke shi, ki shanya, ki goge, sa'an nan ki auna, in ba haka ba rigar da ta yi wa yaro daidai ranar Juma'a za ta ɗage masa bayan wanki. Ki kama yadin ki ja shi ta tsawonsa, za ki ji ba ya talewa. Ki ja ta faɗi, ya ɗan saki kaɗan. Ki ja ta kusurwa zuwa kusurwa, sai ki ga ya tale sosai. Saboda haka ake shimfiɗa tsawon riga ya bi tsawon yadi. Wadda ta yanka a karkace don tsimin ƙyalle za ta ga riga tana murɗewa a jiki, guga kuma ba ta gyara ta. Atamfa tana da ƙarin sharaɗi: ki dubi zanenta, kada furen gaba ya dubi sama na baya ya dubi ƙasa. Turmi yadi 6 ne, yadi kuma inci 36, ki san abin da zane zai ci da abin da ɗankwali zai ci kafin ki taɓa na riga.

Wajen awo, tef ya zauna a jiki ba matsi ba sako-sako, kuma a rubuta nan take a littafi: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, mazaunai, tsawon hannu, tsawon riga. Kada ki ce za ki riƙe a ka. Ga misalin lissafin. In ƙirji inci 36 ne, kika ninka yadi gida huɗu don ki fitar da gaba da baya tare, kashi ɗaya zai zama inci 9. Ki ƙara inci 1 don riga ta sake a jiki, ki ƙara wani inci 1 wanda ɗinki zai ci, ya zama 11. A nan za ki ja alli. Riga in ta yi yawa ana rage ta, in ta matse ba rara a ciki kuwa sai a ba ƙanwa. Kayan yara a bar musu kalmasa mai faɗi, badi a sake ta.

Akwai wata dabara da ta fi kowace sauƙi ga wadda ba ta da malami kusa. Ki nemi tsohuwar rigar da ta zauna miki daidai, wadda ta riga ta mutu, ki warware ta a hankali. Ki goge kowane yanki, ki shimfiɗa a kan takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida, ki zana, ki yanke. Kin sami ma'aunin da za ki yi ta amfani da shi. Kuma garin warwarewa za ki ga yadda telan ya haɗa ta, abin da ya fara da abin da ya ƙare da shi, yadda ramin hannu na gaba ya fi na baya zurfi. Sabon yanka kuma a fara gwada shi a kan tsohon zanen gado ko akoko mai araha.

Abin da za a fara ɗinkawa shi ne mai miƙaƙƙen layi: kalmasar zane da ɗankwali, rigar matashi, labule, sa'an nan siket mai roba da wandon yaro mai zariya. Riga mai wuya da hannu ta biyo baya, zif daga ƙarshe. Leshi, da shadda mai tsada, da yadi mai santsi ko mai talewa irin na hijabi, a bar su tukuna. Kuma duk layin da kika ɗinka ki goge shi kafin ki ɗora wani a kai. Rabin bambancin da ake gani tsakanin ɗinkin gida da na shago guga ce.

A kula da allura a gidan da ke da masu rarrafe. Kada a soke ta a katifa ko tabarma, kada a riƙe ta a baki, gama tari ɗaya ko dariya na iya tura ta maƙogwaro. A samu gwangwani mai murfi, da ɗan maganaɗisu na tsince wadda ta faɗi. A yi ɗinki inda haske yake, ba da fitilar waya cikin dare ba.

Da maƙwabta sun ji ƙarar keke za su fara aiko da kaya. Ki karɓi gyara da kalmasa, ki karɓi ladanki ba kunya, ko kaɗan ne. Amma yadin mutane amana ne. Abin da ba ki taɓa ɗinka wa kanki ya yi kyau ba, kada ki koya a kan atamfar da wata ta yi adashi ta saya. Ki ce ba ki kai nan ba tukuna, wannan ba ya rage mutunci. Haka kuma kada ki tara ɗinkin salla fiye da ƙarfinki. Kowa ya san irin zagin da teloli ke sha a daren salla saboda saɓa alkawari, kuma su a kasuwa suke, ke kuwa da masu kayan kuke haɗuwa a gidan suna da gidan biki. In hali ya yi, ki riƙa kai abin da kika ɗinka wurin wadda ta fi ki ta duba. Abin da za ta nuna miki da yatsa cikin ɗan lokaci, takarda ba za ta iya ba.

Kai kuma maigida, sayen keke ba shi ne ƙarshen naka ba. Ka sayo zare da allura da 'yan yadi masu araha na gwaji, ka ba ta tsofaffin rigunanka ta warware, ka hana yara wasa da almakashinta. In ta ɗinka wa ɗanka wando ya fito ƙafa ɗaya ta ɗara ɗaya, kada ka yi dariya a gaban mutane, ka bar yaro ya sa shi a cikin gida. In kuwa akwai keke a ɗakinku da kwanoni a kansa, a sauke su yau, a share shi, a ɗiga masa mai.