Gamsuwar Malamin Firamare da Aikinsa a Mahangar Ra'in Herzberg

Gamsuwa da aiki ita ce natsuwar da ma'aikaci ke samu a ransa dangane da abin da yake yi. A shekarar 1959, masanin halayyar ɗan'adam Frederick Herzberg, ɗan Amurka, ya kasa abubuwan da ke shafar ta gida biyu. Kashi na farko ya ƙunshi albashi da yanayin wurin aiki, waɗanda gyaruwarsu ƙorafi kawai take kawarwa. Gamsuwa ta haƙiƙa, a ganinsa, daga kashi na biyu take fitowa, wato yabo da ɗaukaka da ganin amfanin aikin.

Idan aka ɗora wannan ra'i a kan malamin firamare na gwamnati a Nijeriya, sai a ga kasusuwan biyu ba su rabu yadda aka zata ba. Tsarin Ilimi na Ƙasa ya tanadi ɗalibai 35 ga malami ɗaya, amma a makarantu da dama na birane ajin kan ninka haka. Cunkoso dai na kashin farko ne. Sai dai malamin da ya kasa duba littafin kowane yaro ba zai san wanda ya fara haɗa baƙi da wasali ba, alhali wannan sanin shi ne babban ladan koyarwa. Ke nan lalacewar kashin farko ta cinye na biyu.

Dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko 40 na aiki. Ta tsawaita zaman malami a aji, amma ba ta rage masa ɗalibi ko ɗaya ba.