Shirin Tarbar Masu Duba Makarantu: Jan Hankali ga Hedimastocin Dutsin-Ma da Kurfi

Da zarar takarda ta iso daga ofishin Sakataren Ilimi cewa masu duba makarantu na tafe, sai ka ga firamare ta ɗau harama: yara na shara, ana shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, ana sabunta baƙin allo. Duk wannan madalla, amma ba shi ne shirin ba. Shirin ƙwarai shi ne makaranta ta nuna kanta yadda take a kullum.

Dalili kuwa a fili yake. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, kuma Hukumar SUBEB ta Jihar Katsina ke raba malamai da kujeru da littattafai. Rahoton sufeto na cikin hanyoyin da hukumar ke sanin inda ake da buƙata. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35, ta kuma sa takardar NCE, irin wadda Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ke bayarwa, ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. To, hedimastan da ya aro benci daga makarantar maƙwabta, ko ya cike rajistar kiran suna a dare ɗaya da biro iri ɗaya, ya shaida wa hukuma ke nan cewa ba ya neman komai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya kamata ya tanada shi ne rajistar shiga, littafin sa hannun malamai, tsarin darasin kowane malami, jadawali, da littattafan yara masu gyaran jan biro tun farkon zango. Ya kuma gayyato kwamitin iyaye da masu unguwa, domin su ma suna da abin faɗi.

Wani zai ce, in aka ga giɓi ai hedimasta za a tuhuma. Sai a bambanta laifi da rashi. Makarar malami laifi ne, gyaransa kuma na hannun hedimasta tun kafin baƙi su zo. Amma rufin da iska ta yaye, ko raguwar yara saboda aikin gona da damina ko matsalar tsaro a ƙauyuka, ba laifinsa ba ne muddin ya rubuta a littafin tarihin makaranta, da kwanan wata, ya kuma kai rahoto. Wani kuma zai ce an sha faɗa ba a ga gyara ba. Hakan na faruwa, amma ƙorafin da ke rubuce ana iya bibiyarsa, wanda aka ɓoye kuwa babu mai tambayarsa. Daɗin daɗawa, sufeto mai ƙwarewa yakan tsayar da yaro ɗan aji huɗu ya ce karanta, nan take asiri ya tonu.

Saboda haka, ya ku shugabannin makarantu, ku fara shiri ranar da aka buɗe zango, ku riƙa cike kowane littafi a ranarsa.