Mene Ne Waliyyi Majiɓinci?

Duk wanda ya zauna a Kontagora ya san babbar majami'ar 'yan Katolika wadda ake kira da sunan Waliyyi Mika'ilu. Haka kuma makarantun mishan da yawa a ƙasarmu, wata an sa mata sunan Maryamu, wata Yusufu, wata Bitrus. Sau da yawa akan yi gardama a kan wannan a ɗakunan kwananmu, har wani ya ce wai bauta wa matattu ake yi. To, tun da yake gobe yaranmu za su tambaye mu a aji, ya kamata mu san asalin abin.

Kalmar da Turawa ke amfani da ita ta fito ne daga Latin, harshen mutanen Rum na dā. Ma'anarta ubangida. A Rum talaka yakan raɓu da wani babban mutum, wanda zai tsaya masa a gaban alƙali, ya kai kukansa wurin sarki. Mu ma mun san wannan, gama ba kowa ke shiga fada kai tsaye ba. Waliyyi majiɓinci kuwa shi ne wanda jama'a, ko gari, ko masu wata sana'a suka zaɓa don su yi koyi da halinsa, su kuma roƙe shi ya yi musu addu'a wurin Allah.

Al'adar ta faro ne daga kaburburan waɗanda aka kashe saboda bangaskiyarsu. Kiristoci na farko sukan taru a nan ran zagayowar mutuwarsu. Da aka daina tsananta musu a ƙarni na 4, sai suka gina majami'u a kan kaburburan. Sarki Kustantin ya gina ɗaya a Rum a wurin da aka binne Manzo Bitrus. Sannu a hankali kowace majami'a ta sami waliyyinta, sa'an nan garuruwa da ƙasashe suka bi.

Amma fa Kiristoci ba su zama baki ɗaya ba a kan wannan. 'Yan Katolika sun ce sujada ta Allah ce shi kaɗai, waliyyi girmama shi kawai ake yi, a nemi addu'arsa kamar yadda mutum ke neman ta ɗan'uwansa. Babban taronsu na Tirent ya tabbatar da haka a 1563. Mabiya Martin Luta kuwa, tun a 1530 suka rubuta cewa a tuna da tsarkaka, a bi gurbinsu, amma kada a roƙe su, domin matsakanci ɗaya ne, watau Almasihu. Shi ya sa ba za ka ji ana kiran waliyyi cikin addu'ar ECWA ko Baftis ba.

Ga uku da suka shafe mu.

Na fari Mika'ilu. Shi ba mutum ba ne, mala'ika ne, sunansa yana cikin Littafi Mai Tsarki, yana kuma cikin Alƙur'ani. Ana idinsa ran 29 ga watan Satumba. Ikkilisiyar Katolika ta Kontagora ta zama yanki mai kansa a 1995, ta cika dayosis a 2020, majami'ar Mika'ilu ce kuwa mazaunin bishop ɗinta.

Na biyu Fatarik. A ƙarni na 5 aka kama shi yana da shekara 16, aka kai shi bauta ƙasar Ailan. Ya yi shekara 6 yana kiwo, ya gudu, daga baya ya komo yana wa'azi ga mutanen da suka bautar da shi. Da yake limaman mishan da yawa daga Ailan suka zo, a 1961 aka mai da shi majiɓincin Nijeriya. Ranarsa 17 ga watan Maris.

Na uku namu ne, mu malamai: Yahaya Mai Baftisma na La Sal, mutumin Faransa, wanda aka haifa a 1651, ya rasu a 1719. Ɗan masu dukiya ne, amma ya rabar da gādonsa ga matalauta a lokacin yunwa, ya buɗe wa 'ya'yansu makarantun kyauta. Ya tara yara aji aji maimakon a koya wa kowa shi kaɗai, ya kuma sa su fara karatu da harshensu, ba da Latin ba. Yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantar horon malamai. Ran 15 ga watan Mayu, 1950, Paparoma Fiyus na 12 ya naɗa shi majiɓincin malaman makaranta.

Saboda haka, 'yan'uwa, in yaro ya tambaye ka dalilin sunan makarantarsa, kada ka kore shi, kada kuma ka zagi addinin wani. Gaya masa abin da kowane sashe ya gaskata, da bakin da masu shi za su yarda.

Abin yi: a lokacin gwajin koyarwa, kowa ya binciko asalin sunan makarantar da aka tura shi, ya rubuta layi goma, ya karanta wa ajinsa.