ƘAFAR DA KE ƘUNA BA WUTA

Wata rana da hunturu mun je gai da wani dattijo, manomi, a wani ƙauye tsakanin Kankiya da Kusada. Muka tarar da shi kwance ya lulluɓa da bargo har wuya, amma ƙafafunsa biyu suna waje cikin sanyi. Muka ce, "Baba, ba ka rufe ƙafa ba?" Ya ce, "Ɗana, ko bakin bargo ya taɓa su, sai in ji kamar an zuba mini garwashi. Wata bakwai ke nan ban yi barcin kirki ba."

Mutanen gidan sun riga sun yanke cewa sammu ya taka a gona, har an sayar da rago saboda neman makari. Muka roƙe shi ya bari mu duba tafin ƙafar. Ga mamakinmu sai muka ga ƙaya ta shige ƙarƙashin babban yatsa, wurin ya fara ruwa, shi kuwa bai sani ba. Da aka kai shi asibitin Kankiya aka auna jininsa, sai aka tarar ciwon suga ne.

'Yan'uwa, wannan shi ne tushen darasinmu na wannan wata. Ƙafar da ke kuka a kan bargo, sau da yawa ita ce ke yin shiru a kan ƙaya. Wanda bai gane wannan ba yana iya rasa yatsa, ko ƙafar ɗungum.

INDA CIWON YA KE

A Hausa kalma ɗaya mu ke da ita, watau jijiya, amma iri biyu ne. Akwai jijiyar jini, akwai kuma jijiyar ji. Ta biyun kamar wayar tangaraho ta ke. Ita ce ke ɗaukar labari daga fata zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa, ta ce ga zafi, ga sanyi, ga ƙaya. Jijiyoyin da su ka fi tsawo a jikin mutum su ne masu zuwa yatsun ƙafa, domin haka su ne su kan fara lalacewa.

In waya ta lalace, abu biyu kan faru. Ko ta riƙa kawo labarin ƙarya, ko ta ƙi kawo na gaskiya. Labarin ƙarya shi ne raɗaɗi, da zogi, da jin kamar ana soka allura, ko kiyashi na tafiya cikin fata, ya kan kuwa tsananta da dare. Ƙin kawo labari shi ne mutuwar ƙafa, har mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Ƙafa guda tana iya haɗa duka biyun, kamar ta dattijon nan.

Saboda haka kada mu ce mai wannan ciwo raki ya ke yi don ba mu ga kumburi ko rauni ba. Tun a 1864, lokacin yaƙin basasar Amurka, wani likita mai suna Weir Mitchell ya rubuta labarin sojojin da harsashi ya taɓa musu jijiya. Raunin ya warke, amma ƙunar ta zauna, har waɗansu su kan naɗe wurin da jiƙaƙƙen tsumma dare da rana. Ciwo ne na gaskiya, likitoci sun daɗe da saninsa.

ABUBUWAN DA KE KAWO SHI

1. Ciwon suga. Shi ne kan gaba a zamaninmu. Suga mai yawa cikin jini shekara da shekaru ya kan cinye ƙananan jijiyoyi, har kusan rabin masu ciwon su kan sami wannan lahani. Ya kan soma daga yatsu, a ƙafa biyu tare, ya hau sama a hankali kamar mai sa safa.

2. Kuturta. Ƙwayar cutar ta kan zauna cikin jijiyar ji. Jijiyar da ke bayan idon sawu, ko wadda ke gefen gwiwa, ta kan kumbura ta yi ciwo, daga baya tafin ƙafa ya daina ji.

3. Waɗansu magunguna. Aisoniyazid, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana iya jawo ƙunar ƙafa, shi ya sa a kan haɗa shi da bitamin B6. Metfomin na masu suga, in an daɗe ana sha, yana iya rage bitamin B12 a jiki. Kada kowa ya bar maganinsa don ya karanta wannan. A gaya wa likita, shi ya san gyaran.

4. Yawan shan giya, da rashin abinci mai gina jiki.

5. Rauni da aikin tiyata. In an yanka fata, tilas a yanke ƙananan jijiyoyi. Wani lokaci bakin jijiyar ya kan dunƙule cikin tabon, ya zama ko iska ta taɓa sai mutum ya zabura. Haka nan ɗaurin karaya da ya matse ainun, da allurar da wanda bai iya ba ya yi a ɗuwawu ta sami babbar jijiyar da ke sauka ƙafa. Wannan na ƙarshe ya nakasa yara da yawa, ƙafarsu ta riƙa ja a ƙasa.

ABIN DA KUTURTA TA KOYA MANA

Waɗansu daga cikin dabarun kiyaye ƙafa da a ke koya wa masu ciwon suga yau, daga wajen masu jiyyar kuturta aka samo su. A 1873 Likita Hansen na ƙasar Norwe ya ga ƙwayar cutar da madubin likita, aka tabbata ba gado ba ce, ba kuwa la'ana ba. A 1937 mishan na S.I.M. su ka karɓi aikin jiyyar kutare a Babbar Ruga kusa da birnin Katsina, da Yadakunya a ƙasar Kano, da Amanawa a ƙasar Sakkwato. Daga baya gwamnati ta karɓi asibitocin. Wajen 1950 Likita John Lowe, a Uzuakoli ta ƙasar Ibo, ya nuna ana iya ba da ƙwayar dafson ta baki, ga araha, ga aiki. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a haɗa magunguna, watau dafson da rifamfisin da kulofazimin, tun 1995 kuwa kyauta a ke ba da su. Wata 6 ko wata 12 a ke sha, cutar ta mutu. Wanda ya soma shan magani ba ya ba kowa cutar.

Amma darasi mafi girma daga Likita Paul Brand ya fito, wanda ya soma aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946. A dā kowa ya ɗauka kuturta ce ke cin yatsu. Shi kuwa ya bi majiyyatansa da lura, ya gane rauni ne ke cin su. Mutum ya ƙone, ko takalmi ya goge shi, bai ji ba, ya ci gaba da takawa, wurin ya zama gyambo, ƙashi ya ruɓe. Ashe jin zafi mai gadi ne. In mai gadi ya mutu, ko ya ruɗe yana ihu ba ɓarawo, wajibi ne ido ya karɓi aikinsa.

ABIN DA ZA A YI KOWACE RANA

1. A duba ƙafa safe da yamma, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi, ko ɗansa ya duba masa. Ana neman ƙaya, da bororo, da ja, da faso, da wurin da ya fi sauran ɗumi.

2. A wanke da sabulu da ruwan da ba zafi. A gwada ruwan da gwiwar hannu tukuna, kada da ƙafa. Wanda kuturta ta busar wa ƙafa ya jiƙa ta cikin ruwa kamar minti 20, ya goge kaushi a hankali da dutse. Mai ciwon suga kuwa wankewa ta isa, kada ya daɗe cikin ruwa. Kada a yanke kanta da reza ko aska.

3. A shafa man kaɗanya ko basilin tun ƙafar ba ta gama bushewa ba, ban da tsakanin yatsu. Faso ƙofa ce ta gyambo, hunturun ƙasarmu kuwa ba ya raga wa diddige.

4. Kada a yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Gonakinmu cike su ke da ƙarangiya da tsaida, ga kututturen kara bayan girbi, ga rairayin bazara da ke ƙona tafin ƙafa da tsakar rana. A nemi takalmi mai faɗin baki, mai taurin ƙasa, mai taushin ciki. Kafin a sa, a zazzage shi, a zura hannu a ji ko da tsakuwa ko kunama. Sabon takalmi a fara sa shi awa ɗaya ko biyu, a cire a duba ƙafa.

5. Kada a miƙa ƙafa bakin wuta ko kaskon garwashi don jin ɗumi. A sa safa marar matsi.

6. Domin barci, a kifa kwando ko kwali da aka yanke gefe ɗaya a ƙarshen gado, a ɗora bargo a kai, ƙafa ta shiga ciki ba abin da ya taɓa ta. Haka muka yi wa dattijon nan, ya rufu, ya sami barci.

7. In an ga rauni, komi ƙanƙantarsa, a wanke, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a daina taka shi, a tafi asibiti. Gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa ana tafiya a kansa.

TABON TIYATA

Wanda tabon aiki ke damunsa ya kan so ya ɓoye wurin kada kome ya taɓa. Amma yawan ɓoyewa ƙara masa tsoro ya ke yi. Bayan rauni ya rufe sarai, likita kuma ya yarda, sai a soma koya wa fatar taɓawa. A fara shafawa da auduga minti kaɗan, sau uku ko huɗu a yini. In ta saba, a koma ga ƙyalle mai laushi, sa'an nan tawul, sa'an nan a riƙa tsoma ƙafar cikin ƙwaryar gero. Ana tsayawa inda za a iya jurewa, ba a tilasta. A yi haƙuri kuma, gama jijiyar da aka yanke ba ta tsirowa fiye da kamar inci ɗaya a wata.

MAGANA A KAN MAGANI

Farasitamol da irinsa ba su cika taɓa wannan ciwo ba, shi ya sa mutane su kan yi ta ƙari har su faɗa wa taramol, su kamu da shi. Akwai magungunan da ke kwantar da jijiya, kamar amitiriftilin da gabafentin da firegabalin, amma likita ne ke rubuta su, yana farawa da kaɗan. Su kan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, su kan kawo jiri da barci, ba su kuwa cika kawar da ciwon duka ba. In an sami ragin da zai bar mutum ya yi barci ya je gona, an ci riba.

Tsaga da ƙaho da sakiya a ƙafar da jijiyarta ta lalace haɗari ne babba, musamman ga mai suga, gama raunin ba ya saurin warkewa.

Maganin gaske shi ne a kama tushen. Mai suga ya riƙe abincinsa da maganinsa. Wanda ya ga wani tabo mai haske a fatarsa da ba ya jin taɓawa, ko jijiya ta kumbura, ko ƙafa ta fara ja, ya hanzarta wurin ma'aikacin tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumarsa. In lahanin bai wuce wata 6 ba, akwai maganin da kan iya dawo da jijiyar. In an yi jinkiri, da wuya.

Alamun da ba a kwana da su: rauni mai wari ko mugunya, yatsa ya yi baƙi, ƙafa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. Ko da dare ne a nemi mota.

NAMU AIKIN

Ciwon da ba a gani ya kan raba mutum da jama'a. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina zuwa sujada, gida kuma a fara cewa ragwanci ne, ko a soma zargin maƙwabci da jifa. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan zargin da awon jini guda ɗaya da ya kashe shi. Idan ɗan'uwa ya ce ƙafarsa na ƙuna, mu gaskata shi. Mu ba shi wurin zama kusa da ƙofa inda ba za a taka shi ba, kada mu tilasta masa tsayawa ko tuɓe takalmi. Matasa su taya shi noma. Zumuntar mata, sa'ad da su ka je gai da tsofaffi, su roƙi izini su duba tafin ƙafa. Kuɗin mota zuwa Kankiya ko Katsina, da kuɗin takalmi mai kyau, ba su kai kuɗin yanke ƙafa ba.

Dattijon nan har yanzu ƙafarsa ta kan yi ƙuna da dare, ko da ya ke da sauƙi. Amma yatsunsa goma suna nan, jikarsa ce ke duba su kowace safiya.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Ƙaƙa ƙafa guda za ta ji zafin bargo, ta kasa jin ƙaya?
2. Faɗi abubuwa biyar da ke lalata jijiyar ƙafa.
3. Mene ne Likita Brand ya gane game da yatsun kutare?
4. Waɗanne alamu ne ba a kwana da su a gida?
5. Wanene a unguwarku ke fama da wannan ciwo, wa kuma zai duba masa ƙafa cikin makon nan?