Ɗanki Ya Shiga Aji Ɗaya: Me Za Ki Sa Ran Gani Kafin Shekara Ta Zagayo?

'Yan uwana mata, darasinmu na wannan fitowa na uwar da ta kai ɗanta ko 'yarta aji ɗaya na firamare ne. Dalilin ɗauko shi kuwa, kullum da yamma yaran nan sukan zo mini Islamiyya bayan sun taso daga boko, ina kuma ganin abin da iyaye da yawa ba sa gani.

Akwai wata yarinya da na taɓa koyarwa, ta zo ta uku a ajinsu na boko, uwarta har da rabon alewa. Na rubuta mata "baba" a allo na ce ta karanta, ta yi tsuru-tsuru. Da na ce ta rero A B C kuwa, sai ga ta ta kai ƙarshe ba tuntuɓe. Ashe waƙar ta haddace, baƙaƙen ba ta san su ba. Shekara guda cur ta wuce a haka, ba wanda ya lura.

Da farko ki sani, karatun nan haƙƙin yaro ne. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 kuma ta wajabta karatun shekara 9 kyauta a makarantun gwamnati: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Yaro yakan shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 6. Shekarar karatun an kasa ta zango uku, kowane da irin halinsa.

Zango na farko (Satumba zuwa Disamba)

Wannan zangon na sabo ne. Kada ki sa ran wani abin a zo a gani. Yaro zai yi kuka da safe, zai ɓatar da fensir, wani ma ya dawo da takalmi ƙafa ɗaya. Abin da yake koyo shi ne zama wuri guda, riƙe fensir, neman izini kafin ya fita, da gane baƙaƙe da lambobi. In kin ga yana juya b ta koma d, ko ya fara rubutu daga dama, kada ki kai masa ranƙwashi. A Islamiyya daga dama muke farawa, a boko daga hagu, ƙwaƙwalwarsa tana ƙoƙarin raba biyun ne, kuma za ta raba.

Ki tuna kuma farkon zangon ƙarshen damina ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Gidan sauro da saurin zuwa asibiti su ma tattalin karatu ne, don sati biyu a kwance ba ƙaramin giɓi ba ne ga ɗan aji ɗaya.

Zango na biyu (Janairu zuwa Afrilu)

Nan ne ainihin aikin yake. Yaro zai fara haɗa baƙi da wasali: b da a su ba da "ba", k da i su ba da "ki". Ke da kika yi Islamiyya kin san wannan matakin, shi ne irin ranar da yaro ya tashi daga ambaton sunan harafi ya koma furta shi da fataha da kisira. Wanda ya tsallake nan ya kama hanya. Wanda ya maƙale, zai ci gaba da bin bakin 'yan aji in ana karatu, a ɗauka ya iya.

Zangon yana farawa cikin hunturu, ga mura ga tari, ga ƙyuyar tashi da asuba. Makara a nan tana da tsada, domin darasin karatu da lissafi galibi da safe ake yin su. Azumi ma yakan taɓa jadawalin, tunda duk shekara yana matsowa da wajen kwana 11. A 2025 jihohin Kano, Katsina, Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu a watan Ramadan. In hutu ya yi tsawo haka, kada a rataye jaka sai ranar komawa.

Zango na uku (Afrilu ko Mayu zuwa Yuli)

Ga zafi, ga jarrabawar wucewa aji biyu. Kafin a rufe makaranta, ya kamata yaronki ya iya waɗannan:

1. Rubuta sunansa ba tare da kwafa ba.
2. Nuna kowane harafi in an tambaye shi a birkice, ba a jere ba.
3. Karanta gajerun kalmomi irin su "gida", "ruwa", "kaka".
4. Ƙirga zuwa 100, da tarawa da ɗebewa na ƙananan lambobi.

In katin sakamako ya zo, kada tambayarki ta tsaya a "na nawa ya zo?" A ajin da yara suka yi yawa, mai hadda yana iya zuwa na ɗaya. Ki duba makin kowane darasi, da yawan kwanakin da ya yi fashi, da abin da malami ya rubuta a ƙasa.

Naki aikin

To 'yar uwa, malami ɗaya ba zai iya bin kowane yaro ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki ware minti goma kullum, ko da bayan magariba ne. Ki buɗe littafinsa, ki ɗora yatsa a kan harafi daga tsakiya, ki ce "wannan fa?" In ba ki yi boko ba, ki sa yayansa ya tambaye shi kina zaune, zamanki kaɗai yana nuna masa abin da muhimmanci. Ko gwangwanin madara ma abin karatu ne, ƙwallayen dabino kuma abin lissafi.

Ki tabbata ya karya kafin ya fita, kuɗin tara ba ya maye gurbin kokon safe. Ya kwanta da wuri, yaro mai waɗannan shekaru yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. In yana matse ido in ya kalli allo, ko sai an ɗaga murya yake juyowa, a kai shi a duba masa ido da kunne kafin a kira shi daƙiƙi. Ki je taron iyaye da malamai, ki san malamin ajinsu, ki tambaye shi cikin mutunci tun a zango na biyu: "Malam, ya fara haɗa baƙi kuwa?" Kuma don Allah kada a riƙa tsayar da 'ya mace a gida saboda raino ko talla, kwanan da ta rasa ba ya dawowa.

Abin da ya sa na dage a kan haka, daga aji uku zuwa huɗu ba a tsayawa koya wa yaro baƙaƙe, miƙa masa littafi za a yi a ce ya karanta ya amsa. Wanda bai iya ba sai ya fara jin kunya, daga kunya sai fashi, daga fashi sai bari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ita waccan yarinyar, da na yi wa mahaifiyarta bayani ba ta yi fushi ba. Ta sayi alli, suka riƙa zama da yayarta a tsakar gida suna rubutu a jikin ƙyaure. Kafin zango ya ƙare ta karanta mini "baba" da kanta, har ta ƙara da "inna".

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilmi mai amfani, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin. Wassalamu alaikum.